Gitar da Za Ki Saya a Yamai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Birni, Damagaram.

Zuwa ga ƴata Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare motar da kike ciki, Ya tsare direbanta daga gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ku Yamai lami lafiya. Innarki na ba takardar ta tura miki cikin jakar hannu, na ce kada ta faɗa miki sai kin shiga mota. In ta cika alkawari, ina jin yanzu kun wuce Takeita.

Shekaranjiya kin zo shago ina gyaran ƙafar kujera, kika durƙusa kika gaishe ni, kika ce, "Baba, in na isa Yamai gita zan saya, tawa ta kaina. Wace iri kake ganin ta dace da ni?" Na ce ki tambayi waɗanda suka sani, na ci gaba da aikina. Kika ɗan jima a durƙushe, sannan kika ce, "To, Baba," kika tashi. Tun kina ƴar shekara tara ba ki sake ambaton gita a gabana ba sai ranar, ni kuwa na sallame ki hannu wofi. Ba rashin sani ya hana ni amsawa ba, kunya ce. Amsar ba ta fita sai na haɗa da abubuwan da na daɗe ban faɗa wa kowa ba, kuma kin san bakina da nauyi. Shi ya sa na ɗauki bik na rubuta miki.

Na san abin da ke gabanki. Matar nan mai studiyo da ta ji waƙarki a salula ta ce za ta ɗauki muryarki, kuma za ki tsaya gaban jama'a ki yi musu kiɗa. Na san ɗan abin da ke hannunki guminki ne na shekarun da kika yi kina koyar da yara a lakwal ɗin Damagaram Takaya, ba zai sayi gita biyu ba. Wadda kika saya, da ita za ki shiga studiyo, da ita za ki hau dandali. Ni na yi wannan sayen sau biyu, kuma sau biyun duk na yi kuskure.

Kin sha ji a bakin gwaggonninki cewa babanki ya taɓa kiɗa. Gaskiya ne. Ina saurayi, ina koyon sassaƙa a hannun kakanki, na yi aboki mai suna Ari. Ɗan Gidimuni ne, iyayensa masu garka ne a bakin tafki, yakan kawo rake da tumatir kasuwa ya kwana biyu a zaurenmu. Ari yana da murya. Ba ya ihu, ba ya matse wuya, sai dai in ya fara, masu wucewa su rage sauri. Ni kuma na koyi taɓa gita a wurin wani mushe, wato malamin lakwal, da ya zauna haya a unguwarmu. Muka haɗu, shi waƙa ni kiɗa.

Gitata ta farko ja ce, jawur, tana sheƙi har kana ganin fuskarka a jikinta, an zana mata furanni kewaye da baki. A rataye na gan ta a wata rumfa, ban ko sauke ta na kaɗa yadda ya kamata ba. Mai rumfar ya ce, "Samari, irin wannan in ka rataya ta, ko ba ka iya ba za a ce ka iya." Na yi dariya, na biya, na tafi ina jin daɗin na samu da araha. Ni ɗan masassaƙi, wanda kullum hannunsa ke kan katako, ban dubi katakon ba. Fenti na saya.

Bayan wata biyu aka yi auren ƙanwar Ari a Gidimuni, aka ce mu za mu yi wasa. Bazara ce. Muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, gitar tana cikin buhu rana na dukanta tun hantsi har azahar. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi gindin dabino, dangin Ari kaf suka zauna, har da mahaifinsa da bai taɓa yarda ya saurari ɗansa ba. Tun a waƙar farko na ji tana saki. In ɗaure wannan tsirkiya, waccan ta sauka. Wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nisa da katako har yatsuna suna zafi. A tsakiyar waƙa ta uku sai na ji fas! Jakin, wato ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, ya ɓalle daga jiki, gam ɗin ya narke. Tsirkiyoyi shida suka zubo mini a cinya.

Sai wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Ɗan Birni, ajiye abin nan ka huta, bari namu ya yi mana da bakinsa." Mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka kama masa, Ari ya ƙarasa waƙarsa. Ni ina zaune da jan katako a hannu har aka tashi. A hanyar dawowa bai ce mini komai ba sai, "Sani, gobe ma rana ce." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don haka, Falmata, kada idonki ya yi miki ciniki. In kin ɗauki gita, ki fara duba fuskarta, katakon gaba, don daga nan murya ke fita. Ki leƙa gefen bakin nan mai zagaye. In katako guda ne, za ki ga jijiyoyinsa sun bi ta cikin kaurin sun sauka. In kuwa fale-fale ne aka manna da gam, za ki gan su hawa-hawa, ko ki tarar an shafe gefen da baƙin fenti don kada a gani. Bayanta da gefunanta in manne ne, babu laifi, har ma sun fi jure tafiya da zafin ƙasarmu. Amma fuskar ta zama katako guda. Sannan ki ɗora gindinta a ƙasa, ki kanne ido ɗaya, ki bi wuyan da kallo kamar yadda kike ganin ina duba katako kafin in yanka. Ya miƙe. Ki tambaya ko akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da makulli, don ranar da zafi ya lanƙwasa shi a iya mayar da shi. Ki gwada tura gefen takarda ƙarƙashin jakin, in ta shiga, ki mayar musu da abinsu komai kyanta.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, kuma kunyar na farkon ce ta haife shi. Na rantse ba za a sake yi mini dariya ba. Shekaru kaɗan bayan nan, na auri innarki, kakanki ya rasu, aka raba mana gonarsa. A lokacin wani Bature da ya yi aiki a garin nan zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa, cikinsu har da gita. Ban taɓa jin irinta ba, har yau. In ka taɓa tsirkiya ɗaya sai ka ji ɗakin ya cika. Na sayar da rabona na gona na saye ta. Baffanki ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata. Innarki ta dube ni, ta dubi akwatin gitar, ta ci gaba da tankaɗe.

To kin san abin da ya faru? Tsoronta ya kama ni. Abin da na ba da gonar ubana a kansa, yaya zan hau keke da shi cikin yashin Birni? Yaya zan kai shi gidan biki yara su taɓa? Na ɗora ta bisa kabad, ranar Juma'a in sauko da ita in goge, in kaɗa kaɗan ni kaɗai, in mayar. Wurin wasa kuwa jar nan nake ɗauka, wadda na manne jakinta na ƙara mata kusoshi biyu. Ari yakan ce, "Sani, yaushe amaryar taka za ta fito mu gan ta?" In ce, "Sai babbar rana."

Babbar ranar ta zo, ban gane ta ba. Wani ma'aikacin gidan rediyo ya ji mu a wurin suna, ya ce mu zo ranar Talata da safe a ɗauki waƙoƙinmu. A zamanin nan babu salula, wanda bai shiga rediyo ba muryarsa ba ta wuce inda ƙafarsa ta kai. Ari ya zo daga Gidimuni tun Litinin, ya yi aski, ya ari babbar riga. Da safe na ɗauki jar gita zan fita, innarki ta tare ƙofa, tana da cikin yayanki a lokacin.

Ta ce, "Malam, ba waccan za ka ɗauka ba?"

Na ce, "Rana ta yi zafi, hanya da nisa, kuma ban san irin mutanen da ke can ba. Wannan ma ta isa."

Ta ce, "In yau ba ta fita ba, yaushe za ta fita?"

Na ce mata ba ta san kan kiɗa ba, ta ba ni hanya. Ta matsa.

A ɗakin ɗaukar murya aka sa mikoro ɗaya gaban Ari, ɗaya gaban gitata. Mai ɗaukar, wani dattijo mai tabarau, ya sa abin ji a kunne, muka fara. Ba mu yi nisa ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Mai gita, akwai abin da ke zuza a wurinka." Na ce ni ban ji ba. Ya kunna mana abin da ya ɗauka. Falmata, duk sanda na danna tsirkiya ta uku a tsakiyar wuya, sai ka ji zzz kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Na san da shi tun tuni. A gidan biki, cikin guɗa da tafi, ba mai ji. Mikoro kuwa ya ji, ya kuma ƙara masa girma.

Dattijon ya ce, "Ba ka da wata? In a cikin gari take, je ka ɗauko, ina jiran ku har azahar."

Ari ya juyo ya dube ni. Ya san tana nan bisa kabad, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a keke. Amma girman kai ya riƙe ni. In na tafi na ɗauko, na yarda innarki ta yi gaskiya, na kuma yarda a gaban baƙo cewa da gangan na zo da ruɓaɓɓiya. Sai na ce, "Na'urarku ce ke da matsala, gitata lafiya take." Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To, bismillah." Muka yi waƙa huɗu. Da muka gama ya ce ba zai iya sa wannan a iska ba, amma mu dawo bayan damina da gita mai kyau, muryar yaron nan ta cancanci a sake. Ya ba mu kaset ɗin.

A bakin ƙofa Ari ya ce, "Ba komai, Sani. Bari in je in yi shuka. Da kaka sai mu zo da amaryar." Ya hau mota ya tafi. Ana tsakiyar damina zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar, Allah Ya karɓi abinsa. Saƙon ya iso mini bayan an rufe shi.

Duk duniya babu inda muryar Ari ta rage sai a kaset ɗin nan, kuma a kowace waƙa ƙudan gitata yana bisa kanta. Da na je gaisuwa mahaifiyarsa ta roƙe ni in kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta share hawaye, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka da ka ajiye mana shi. Amma mene ne wannan da ke kuka a bayansa?"

Ita kuwa mai tsadar, na yi shekara ban buɗe akwatinta ba. Ranar da na buɗe, na tarar fuskarta ta tsage tun daga jaki har gindi. Zafin kwanon rufi da bushewar rani sun gama da ita a inda na ɓoye ta. Ba wanda ya taɓa jin ta a bainar jama'a, ko sau ɗaya.

Kin ga dalilin da zan ce miki ki sayi ta tsakiya. Ba mai arahar da za ta ba ki kunya gaban mikoro ba, ba kuma mai tsadar da za ki riƙa jin tsoron fita da ita ba. Ki nemi wadda muryarta ta isa studiyo, wadda kuma in ta sami ƙwarzane a gidan biki za ki ce kash, ki ci gaba da waƙarki. Kada ki ƙarar da abin hannunki a kanta ita kaɗai. Ki rage na akwati mai tauri, da tsirkiyoyin canji, da ladan mai gyara ya daidaita miki ita da hannunki. In kin samu wadda wani ya riƙe da kyau yana sayarwa, kada ki raina ta don ba sabuwa ba ce. Katakon da ya sha rani uku a ƙasar nan bai motsa ba, ya riga ya nuna halinsa.

In kin shiga kanti kada ki ji nauyin mai kanti. Za su ga mace, za su ɗauka launi kika zo zaɓa, wani ma zai karɓe gitar ya kaɗa miki da kansa da ƙarfi don ya rufe aibinta. Ki ce ya ba ki kujera. Ki danna kowace tsirkiya a kowace gaɓa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa, a hankali sannan da ƙarfi, kina sauraron zuza. Ko za ki yi awa guda, ki yi. Ki murɗa maɗauran ki ji ba sa santsi. Ki kaɗa waƙarki ta gaske, ki rera a kai, don akwai gitar da ke da daɗi ita kaɗai amma tana danne muryar mai ita. Muryarki siririya ce, ke ma ba ki da faɗin kafaɗa, ina ganin mai matsakaicin jiki za ta fi miki manyan nan masu kama da randa. Sannan ki ajiye salularki a gabanki ki ɗauki abin da kika kaɗa, ki fita waje inda ba hayaniya ki saurara. Abin da salula ta ji, mikoron studiyo zai ji ninkinsa. In da hali, ki roƙi matar studiyon ta raka ki, ko ta haɗa ki da mai ɗaukar muryarta. Kuma ranar da mai ɗaukar murya ya ɗaga hannu ya ce akwai abin da yake ji, ki yarda da kunnensa, ki gode masa, ki gyara a ranar. Kada ki ce sai wani jiƙon.

Akwai abin da babu shi a zamaninmu, amma na koye shi daga samarin orkes, ƴan ƙungiyar kiɗa, da ke kawo mini gitocinsu gyara a shago. E, suna kawowa, ta ƙofar baya, ban taɓa bari kin gani ba. Tunda za ki hau dandali, ki sayi wadda ke da na'urar jona wa ampli, akwatin ƙara sauti, a jikinta. Ki sa a jona ta a kantin ki ji da kunnenki, kowace tsirkiya ta fito daidai da ƴar'uwarta, babu wadda ta nutse, babu ƙara in kin taɓa igiyar. Ki duba inda pil, wato batir, ke shiga, ya zama kina iya canza shi da hannu ɗaya, ki kuma riƙa yawo da sabo. In an ƙure sono, wato lasifika, gitar ta fara kuka, akwai marfin roba da ake toshe bakinta da shi, ki nema. A studiyo kuwa ki bar su su sa mata mikoro, katakon ya yi magana da kansa.

Kada ki bari a ɗora ta bisa mota. Ki rungume ta a kujera ko da za a yi miki tsegumi. Kada ki jingine ta a bangon da rana ke duka. Da rani ki jiƙa ɗan soso, ki matse shi sosai, ki sa a gwangwani mai huji ki ajiye cikin akwatin. Fiye da duka, ki riƙa kaɗa ta kullum.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Kina shekara tara na dawo daga shago na same ki a tsakar gida da gwangwanin mai, kin soka masa sanda kin ɗaura wayar birki, kina kaɗawa kina waƙa, ƙannenki suna rawa. Na fizge na taka shi da ƙafa, na ce ba a kiɗa a gidana. Ba ki yi kuka ba, kika tsaya kina kallona. Kin girma kina zaton babanki yana ganin kiɗa abin kunya ne, shi ya sa kika koya a ɓoye da gitar aro a gidan matasa. Ba haka ba ne. Ranar nan da na ji ki daga zaure, kin ɗauki waƙar daidai, ba tare da kowa ya koya miki ba, sai na ji tsoro, na huce haushin kaina a kanki. Laifina ne, ba naki ba. Ki yafe mini, ƴata. Ke kuma in Allah Ya ba ki naki, kada ki hana su abu don kawai ke kin ji ciwo a wurin.

Sauran kin san su, innarki ta faɗa miki da baki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko ana tsakiyar aiki. Ki sauka gidan gwaggonki Hajiya Gaji kamar yadda aka shirya, ki yi mata biyayya. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba har ƙarshe. Waɗanda za ku yi kiɗa tare, ki riƙe su da mutunci, kada ki bar wani ya ji kunya saboda sakacinki.

Yau da muka fito sallar azahar Alhaji Mamman maƙwabcinmu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, mutane suna sa takalma. Ya ce, "Malam Sani, an ce Falmata za ta Yamai. Canjin wurin aiki aka yi mata?" Har na buɗe baki zan ce e, don a wuce wurin. Sai na ji kaina ina cewa, "A'a, Alhaji. Waƙa za ta yi. Mawaƙiya ce, kuma ta iya." Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a." Na ce amin da ƙarfi, har liman ya waiwayo.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin ido da na baki. Allah Ya sa albarka a hannunki da muryarki, Ya dawo mana da ke Birni cikin mutunci. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki kira da zarar kin sauka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Sani Masassaƙi